Aikin Da Ba A Adana Ba

Akwai wani saurayi ma'aikacin sadarwa a wani ofishi a birnin Legas wanda har gobe ba ya mance wata ranar Litinin. Mako uku kafin ranar, ya kwana gaban kwamfuta yana gyara tsarin wata na'urar Cisco, irin wadda ma'aikata ke kira rauta, watau mai nuna wa saƙonni hanyar da za su bi daga wannan ofishi zuwa wancan. Kafin asuba aiki ya kammala, reshensu na Ibadan ya haɗu da hedkwata, aka yi ta sa masa albarka.

Ran Litinin ɗin nan, ana tsakiyar shirya albashi, sai aka ɗauke wuta, batirin ko-ta-kwana kuma ya ƙare kafin janareta ya tashi. Da wuta ta dawo na'ura ta farka, amma Ibadan shiru. Ya duba waya, lafiya lau. Ya leƙa cikin tsari, sai gabansa ya faɗi, domin ko layi ɗaya na aikin wancan dare babu.

To, ga yadda abin yake. Irin wannan na'ura tsari biyu take riƙewa. Na farko shi ne wanda take aiki da shi nan take, yana zaune a ƙwaƙwalwar wucin gadi, kuma duk umurnin da aka rubuta a cikinsa yake faɗawa, ya fara aiki ba jinkiri. Na biyu shi ne tsarin farawa, wanda ke cikin wata ma'ajiya da ba ta mantuwa ko da babu wuta, shi na'ura ke karantawa duk sa'ad da aka kunna ta. Na farkon kamar rubutun allo ne, ɗaukewar wuta ta wanke shi. Kwafe shi zuwa na biyun kuwa ba ya wuce haruffa biyu, “wr”, waɗanda barci ya sa saurayin nan ya tashi bai buga ba.

Da yake bai rubuta kome a takarda ba, sai da ya wuni yana laluben abin da ya yi, masu jiran albashi suna ta zarya a bakin ƙofa. Da yamma wani dattijo da ya daɗe a aikin ya zaunar da shi, ya ce, “Yaro, kada tsoron yau ya sa ka riƙa adana kowane abu da gaggawa. Wanda ya adana kuskure ya fi ka shiga uku.”

Gaskiyar dattijon ke nan, gama rabuwar tsarin nan biyu da gangan aka yi ta. Mai gyara daga nesa yana iya buga umurnin da zai rufe masa ƙofa da kansa. Saboda haka gwanaye sukan umurci na'ura tun farko ta sake tashi bayan minti 10. In gyara ya yi kyau, su soke umurnin, sa'an nan su adana. In ya ɓaci, ta farka da tsohon tsarinta mai lafiya. Na'urorin Juniper ma suna da irin wannan dabara, inda gyaran da ba a tabbatar ba ke warware kansa, bisa al'ada bayan minti 10.

Tun daga ranar saurayin ya tsayar wa kansa ƙa'ida. Kafin ya taɓa kome, sai ya kwafe tsarin zuwa wata kwamfuta dabam, ya sa masa kwanan wata, domin in na'ura ta ƙone, da ma'ajiyarta take tafiya. Ya gyara, ya gwada, ya adana, sa'an nan ya buɗe tsarin farawa ya ga gyaran da idonsa. Sai bayan haka yake ɗaukar hularsa ya nufi gida.