Gora, Zare da Gashin Zabo

Duk wanda ya tashi a Briqueterie, unguwar Hausawa ta Yawunde, hancinsa ya riga idonsa sanin gida. Tun daga wajen Tsinga hayaƙin tsire yake tarbarka, haɗe da ƙamshin yajin ƙuli-ƙuli da turaren wuta da na jar ƙasa bayan ruwa ya ɗauke. Kunne ma yana da nasa rabon: ƙarar kekunan ɗinki shago bayan shago, saran mahauta a kan katako, Hausa da Fillanci da Faransanci da Ewondo a cakuɗe a teburin mai shayi, har ladan ya ɗaga murya kowa ya yi tsit. A cikin sautukan nan akwai wanda nake ganewa ko ina barci, wato tarin babur ɗin Kawu da asubahin Lahadi.

Kawu tela ne, mai aikin wuyan babbar riga. Duk mako yana duƙe a kan allura da zare, ranar Lahadi kuwa ba ya karɓar ɗinkin kowa, ko da sallah ta matso. Babur ɗinsa ƙaramin Yamaha ne ja, mai barin shuɗin hayaƙi a baya. A ƙarshen shekarun 1970 ba a haya da babur a Yawunde. Wanda ya mallake shi don kansa ya saya, yana wanke shi da yamma yana goge madubi da gefen rigarsa. Idan injin ya ƙi tashi, Kawu ba ya yarda a ce ya lalace. Cewa yake yi, "Lafiyarsa ƙalau, sanyin safiya ne ba ya so." Ni kuma aikina in tura har ya kama, in bi shi da gudu in ɗare baya, Inna tana daga bakin ƙofa tana cewa, "Yaya, don Allah ka dawo mini da shi kafin magariba."

Kamun kifi muke zuwa, kuma kayanmu ba su cika aljihu ba. Siririyar gora ɗaure a gefen babur, zaren roba a naɗe jikin guntun kwali, da ƙugiyoyi a cikin kwalin ashana. Ba taru, ba birgi, ba mamari. Abin da ya bambanta Kawu da sauran masu fatsa shi ne ba ya son tonon tana. Daren Asabar yakan aike ni wajen masu fige kaji in tsinto masa gashin zabo, ya zauna gaban fitila da ragowar jan zaren aikin riga, ya ɗaure gashin a wuyan ƙugiya har ta koma kamar shinge mai fiffike. Hannun da ya saba da aska takwas ba ya shan wahalar wannan.

Hanyar arewa muka fi bi, kuma ba a wuce Etoudi ba a tsaya ba. Can ne kara take, da kwata. Tun da jirgin ƙasa ya isa Ngaundare a 1974 shanun Adamawa suka ƙara samun hanyar gangarowa kudu, kuma da sassafe za ka tarar da wurin ya cika da kukan shanu, da Fulani masu sanda a kafaɗa, da dillalai suna ciniki hannu cikin hannu. Warin kashin shanu da ƙura da hayaƙin babbaka, in na shaƙe su yau sai in ji na koma yaro. Kawu yakan gaisa da abokansa mahauta, a cusa masa ƙunshin nama a takarda, su bi shi da tsiya: "Malam tela, ga nama a gabanka, kai sai wahalar kifi!" Shi dai murmushi yake yi ya taka babur. A kan tudun da ke gefe muna ganin ana ta aikin ginin da ya zama fadar shugaban ƙasa a farkon shekarun 1980.

Daga Olembe gari ya ƙare, sai kurmi da gonakin koko. Iska takan cika rigar Kawu ta kumbura, ni kuma in manna kunci a bayansa ina jin muryarsa ta cikin ƙashin baya yana cewa, "Riƙe ni da kyau, yaro." A Obala mukan sayi gasasshiyar agada da rogon da matan Eton suke naɗewa a ganye, daga nan mu miƙe ta Batchenga har Nachtigal, inda jirgin fito yake tsallakar da motoci a kogin Sanaga. Da rani, wajen watan Janairu, ruwa yakan ja baya duwatsu su fito, kogin ya rarrabu yana kumfa a tsakaninsu.

Nan Kawu yakan naɗe ƙafar wando ya tsaya kan dutse. Ba ya jifa da ƙarfi. Yakan kaɗa gorar a hankali, gashin zabon ya sauka kan ruwa ba tare da fantsama ba, ya bar shi ya bi igiyar ruwa, ya ɗan girgiza shi. Kawara ce ta fi ruɗuwa. Sai ka ga walƙiyar azurfa, gora ta lanƙwashe. Wani lokacin karfasa ta biyo baya. Masuntan ƙauyen da farko dariya suka yi masa, wai mutumin birni ya zo ciyar da kifi gashin tsuntsu. Da suka ga abin da ke cikin jakar, wani dattijo a cikinsu ya roƙi ƙugiya ɗaya, Kawu ya ba shi biyu. Ƙananan ƙudajen nan da ake kira mut-mut kuwa ba su san baƙo ba, sukan bar mana ƙafafu duk ɗigon jini.

A bakin ruwan nan na koyi yin shiru. Kawu yakan ce inuwar mutum tana riga shi isa wurin kifi, don haka a san inda rana take kafin a san inda kifi yake. Ƙananan da suka kama yakan cire su a hankali ya mayar, ya ce su je su girma. In azahar ta yi mu yi alwala da ruwan kogi mu yi sallah kan falalen dutse. Da dare a wajen mai shayi, kifin da ya kuɓuce masa yakan ƙara tsawo duk lokacin da aka sake ba da labarin, har ya kai tsawon hannu, abokai suna ta salati.

Abubuwa sun sauya a hankali. Bayan an karya darajar sefa a Janairun 1994 kayan gyara suka yi tsada, Yamaha ya koma zaure ya kwanta ƙarƙashin buhu. A shekarun nan ne bensikin, wato babur ɗin haya, ya bazu, daga baya baburan China suka cika tituna, babur ya zama abin neman tuwo. Ba na ganin laifin samarinmu da ke kansa tun asuba har dare. Iyali suke ciyarwa. Sai dai wanda ya wuni a kan sirdi duk mako ba zai yi marmarin hawansa ranar hutu ba. Kurmin Olembe ya zama gidaje da katafaren filin wasan da aka buɗe gasar cin kofin Afirka a cikinsa a 2022. A Nachtigal an yi gada, an kuma yi madatsa mai ba da megawat 420 na lantarki, wutar da jikokina suke karatu da ita.

Ɗaya daga cikinsu ne ya nuna mini a waya cewa mutanen duwatsun Japan sun daɗe suna kama kifi da sanda da zare da ƙugiya mai gashin tsuntsu kawai, suna kiran abin tenkara, har wani kamfani a Amurka ya fara sayar da kayansa a 2009. Na yi murna da jin haka. Kawu, Allah ya jiƙansa, bai taɓa jin labarinsu ba, amma da sun haɗu a bakin ruwa da sun fahimci juna ba tafinta.

Sanaga tana nan, kogin Nyong ma yana nan a Mbalmayo, gora kuma ba ta yi tsada ba. Mai babur, ka ware Lahadi ɗaya a wata, ka sa wa ɗanka ko ɗan 'yar'uwarka hular kwano, ka kai shi bakin kogi ya koyi haƙuri a wurinka tun kana da ƙarfin tuƙi.