Jinyar Mai Jego a Bakin Dajin Rugu

A yammacin Katsina, inda ƙasar Batsari ta yi iyaka da ta Safana a gefen dajin Rugu, akwai wata ma'aikaciyar jinya wadda ta daɗe tana aiki a wani ɗan asibitin ƙauye. Ran nan da hantsi aka kawo mata wata yarinya mai jego bisa amalanke, kwana ashirin da haihuwarta ta uku. Ƙafafunta sun kumbura, in an danna da yatsa sai gurbin ya zauna. Numfashi kuwa sama-sama, ko kwanciya ba ta iyawa, a zaune take kwana tana tari. Uwar mijinta ce ta rako ta, wata dattijuwa mai kwarjini, wadda ta yi wa matan gidan wankan jego ba iyaka.

Tsohuwa ta ce, "Malama, sanyi ne ya shige ta. Na ƙara itace a murhu, na ƙara kanwa a kunu, amma abin sai gaba yake yi."

Malama ta kama wuyan hannun yarinya ta ƙidaya bugun jijiya, ta ga ya kai 120 a minti guda, alhali na mai lafiya tsakanin 60 ne da 100. Ta auna jini, ta sa abin saurare a bayanta, ta ji alamar ruwa a huhu. Nan take ta gane zuciya ce ta gaza.

Ita zuciya tsoka ce, aikinta tura jini, wajen lita biyar kowane minti ga babban mutum yana hutawa. In ta yi rauni sai ruwa ya taru a ƙafafu da ciki da huhu. Wannan ciwo na masu jego ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A 1978 waɗansu likitoci biyu, Davidson da Parry, suka buga bayanin mata 224 da suka duba a Zariya, suka danganta ciwon da wankan ruwan zafi, da kwanciya bisa gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da shan kunun kanwa. Daga baya Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano da abokan aikinsa suka nuna ba al'ada ce kaɗai ba, akwai talauci, da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam a jinin matan. Duk da haka kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, gajiyayyar zuciya kuwa ba ta ɗaukar ƙari.

To, ga inda gizo ke saƙar. In Malama ta ce wa tsohuwa, "Ke kika cuce ta," ba shakka kafin azahar an mai da yarinya gida, watakila ba a sake ganinta ba sai labari. Saboda haka ta durƙusa har ƙasa, gama durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, ta ce, "Inna, kin yi iyakar ƙoƙarinki, Allah Ya saka miki. Amma jakin da ya gaji da kaya, ana ƙara masa ne ko ana rage masa?"

Tsohuwa ta yi shiru, can ta ce, "Ragewa ake yi, 'yata."

Malama ta ce, "To, zuciyar 'yarki ce ta gaji. Kanwa da gishiri su ne kayan. Ki taimake ni mu sauke mata."

Sa'an nan aka shiga jinya. Malama ta tokare bayan yarinya da matasai don numfashi ya sami hanya. Ta ba ta maganin da ke fitar da ruwa ta fitsari, tana auna abin da ta sha da abin da ta fitar, tana rubutawa. Aka dama kunu ba kanwa, aka yi miya ba gishiri, aka mai da wanka da ruwa mai ɗumi. A shekarun nan 'yan bindiga sun addabi ƙauyukan bakin Rugu, ba mai bin hanya da dare, don haka Malama ta kwana bisa kujera tana duba jijiya sa'a-sa'a. Gari na wayewa aka sa yarinya a mota zuwa Katsina, inda likitoci suka yi hoton zuciya, suka tabbatar da abin da ta zata.

Da aka sallamo ta, aikin bai ƙare ba. Malama ta riƙa ɗora ta bisa sikeli, domin nauyin da ya ƙaru cikin kwana biyu ruwa ne, ba ƙiba ba. Ta gargaɗe ta kada ta bar magani don ta ji sauƙi. Ta kuma kira mijin ta ce masa, "Malam, sabon ciki kafin zuciyar nan ta murmure kasada ce da ranta." Ya sunkuyar da kai, ya ce ya ji.

Yarinya ta warke, ta yaye ɗanta da hannunta. Tsohuwa kuwa ba ta bar wankan jego ba, sai dai ta ƙara masa abu guda. Duk mai jegon da ta je yi wa wanka, sai ta fara danna mata ƙauri da yatsa. In gurbi ya zauna, ba ta hura wuta, amalanke take aikawa a nemo.

Allah Ya ba masu jinya lada, Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.