Matakala 246: ranar da na hau hasumiyar Wallace

Da na je Sikotland duba 'yata da ke karatu a Jami'ar Stirling, abin da na fara hangowa daga harabar makarantar shi ne wata doguwar hasumiya a kan tudu, ita kaɗai a tsakiyar itatuwa, kanta kamar an ɗora mata kambun sarauta. Na tambaya ko coci ce. Ta ce, "A'a Umma, ginin tunawa da wani jarumi ne, ana hawa har ƙololuwa. Amma ke da ciwon gwiwa, gara mu kalle ta daga ƙasa." Ai kuwa wannan maganar ce ta sa na ce sai na hau.

Ranar Asabar muka tafi mu uku, da ni da ita da jikana ɗan shekara bakwai, wanda nake tsokana da maigidana. Sunan tudun Abbey Craig. Daga gindinsa akwai ƙaramar mota da ke kai mutane bakin hasumiyar, mai ƙarfin ƙafa kuma ya bi hanyar cikin itatuwa. Ni dai mota na shiga, don na san abin da ke jirana a gaba.

Jarumin da aka yi ginin dominsa shi ne William Wallace. A ranar 11 ga Satumba, 1297, shi da abokin gwagwarmayarsa Andrew Moray suka jagoranci mutanen Sikotland suka tari rundunar Ingila a bakin kogin Forth. Gadar da ke kan kogin ta katako ce, ƙunci gare ta, mahaya biyu kawai ke iya jerawa a kanta. Ana cewa daga kan wannan tudu Wallace ya tsaya yana kallon abokan gaba. Ya yi haƙuri har wani ɓangare nasu ya ƙetare, sannan aka auka musu aka datse bakin gadar, na baya suka kasa kawo ɗauki. Rundunar da ta fi yawa da makamai ta sha kashi. Daɗin nasarar bai daɗe ba. Moray ya mutu sakamakon raunin da ya samu, shi kuma Wallace aka kama shi a 1305, aka kai shi Landan aka yi masa kisan wulaƙanci.

Sai bayan shekara fiye da 550 aka tashi yi masa hasumiya, kuma ba daga baitulmali kuɗin ya fito ba. Karo-karo jama'a suka yi, masu hali da talakawa, da 'yan ƙasar da ke zaune a ƙetare, har da Garibaldi, shahararren ɗan gwagwarmayar nan na Italiya. Aka yi gasar zane, wani maginin Glasgow mai suna John Thomas Rochead ya yi nasara. Ranar 24 ga Yuni, 1861 aka aza harsashi a gaban dubun-dubatar mutane.

Duk wadda ta taɓa sa hannu a ginin gida ta san yadda ake farawa da murna, a tsakiya kuma aljihu ya yi sanyi. Haka ta faru a nan. Kuɗin ya zarce abin da aka ƙiyasta, aka yi ta saɓani tsakanin masu kula da aikin, gini ya riƙa tafiyar hawainiya. Shekara takwas aka kwashe ana sassaƙa dutse ana ɗorawa, aka kashe kimanin fam 18,000. An buɗe hasumiyar ranar 11 ga Satumba, 1869, daidai da cikar shekara 572 da yaƙin gada. Tsayinta mita 67.

A ciki babu na'urar hawa, sai matakala 246 masu murɗewa kamar dodon koɗi, ga ƙunci, ga iska mai sanyi tana shigowa ta 'yan siraran tagogi. Idan kika haɗu da mai saukowa, dole ɗaya ya lafe jikin bango. Na tattare abayata da hannu ɗaya, maigidana yana gaba yana ƙirgawa da ƙarfi, yana waiwayowa yana cewa, "Hajiya, ko in goya ki?" Sa'ar da na ci ita ce akwai ɗakuna uku a kan hanya, kowanne wurin hutawa ne kuma wurin kallo.

A nan na ga takobin da ake dangantawa da Wallace, tsayinsa ya haura mita ɗaya da rabi, nauyinsa kusan kilo uku. A 1888 aka kawo shi daga fadar Dumbarton. Masana sun ce akwai sassansa da aka ƙera bayan zamanin jarumin, amma hakan bai rage masa daraja a idon mutanen ƙasar ba. A 1912 wata mai fafutukar a bai wa mata damar jefa ƙuri'a, Ethel Moorhead, ta fasa gilashin akwatin takobin don a ji kukansu. Hujjarta ita ce ana girmama wanda ya nemi 'yanci alhali an hana mata nasu.

Ɗakin da ya fi tsayar da ni shi ne Zauren Jarumai, inda aka jera mutum-mutumin manyan 'yan Sikotland, irin su mawaƙi Robert Burns da James Watt mai gyaran injin tururi da David Livingstone da ya ratsa Afirka. Shekara da shekaru su goma sha shida ne, dukkansu maza. Sai a 2017 aka ba jama'a zaɓi, aka fitar da mata biyu, aka sanya su a 2019, shekarar da hasumiyar ta cika 150. Ɗaya ita ce Maggie Keswick Jencks, wadda cutar daji ta kama, ta assasa cibiyoyin tallafa wa masu irin larurarta. Ɗayar kuwa, da na karanta sunanta sai da na kira 'yata: Mary Slessor, wadda muka karanta a firamare. Ta zo Kalaba a 1876 a matsayin 'yar mishan, ta yi tsayin daka wajen ceton tagwaye a lokacin da ake camfa su a wasu garuruwan yankin, ta rayu a can har mutuwarta a 1915. Ni da nake uwar Hassana da Usaina, na daɗe a gabanta ban ce komai ba.

Daga nan muka ƙarasa sama, ƙarƙashin kambun dutsen nan. Iska kamar za ta tafi da mayafina. Ga kogin Forth yana lanƙwasa kamar maciji, ga fadar Stirling a kan nata dutsen, ga tsaunukan Ochil a baya. Jikana ya nuna ƙasa ya ce, "To ina gadar?" Uwarsa ta nuna masa wajen da ta katakon take a da, ta sake ba shi labarin tun daga farko. Na lura bai manta ko ɗaya ba, don ya gani da idonsa.

Sassaƙa siffar mutum ba hanyarmu ba ce, amma muna da namu mutanen da namu wuraren. A shekarun da ake ɗora duwatsun wannan hasumiya ne Nana Asma'u ta rasu a ƙasar Sakkwato, bayan ta bar jajis suna bi ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Yaranmu nawa suka san ta? Ni kaina na yi shekaru a Kano ina wuce dutsen Dala a mota, ban taɓa riƙe hannun yaro na hau da shi na nuna masa ganuwa da Kasuwar Kurmi ba. Sai da na zo ƙasar wasu na ji kunyar hakan.

Gwiwata ta yi kwana uku tana ba ni labari. Amma na yi wa maigidana alkawari, idan Allah ya kawo su hutu gida, Dala za mu fara hawa, kuma wannan karon ni ce mai ba da labari.