Mudun Awon Insha'i

Duk wanda ya taɓa leƙa kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan da rani ya san cewa da kwando ake ciniki, kuma kwando suna ya tara. Wani a cika shi har ya yi tozo, wani a shafe bakinsa, sa'an nan ido ya yanke kuɗi. Galibi kuwa idon dillali ke rinjayar na manomi. To, haka ake duba insha'i a makarantu da yawa. Malam ya karanta, ya gyaɗa kai, ya rubuta 11 bisa 20, ɗalibi kuwa bai san inda sauran 9 suka maƙale ba.

A shekarar 2022, lokacin da yajin aikin malaman jami'a ya zaunar da mu gida wata takwas, na taimaka da koyar da Hausa a wata makarantar sakandare da ke tsakanin Kura da Bunkure. Can ne wani dattijon malami ya miƙo mini takarda guda, ya ce da ita suke awon insha'i. An kwaikwayo ta ne daga tsarin da hukumar WAEC ke duba insha'in Turanci, wato maki 50 kashi huɗu: 10 na ƙumshiya, 10 na tsarin jawabi, 20 na sarrafa harshe, 10 na ƙa'idojin rubutu, inda kowane kuskure ke cin rabin maki. Haƙiƙa wannan mudu yana da amfani. Da shi malam biyu za su duba takarda ɗaya su tashi kusa da juna, kuma gajiyar malam, ko kyan rubutun hannu, ko sanin uban yaro, ba za su yi tasiri sosai ba.

Sai dai akwai abin da ya tsaya mini a rai. Na ba su jigo, "Noman rani a garinmu". Wani yaro, ɗan manomin shinkafa, ya rubuta abin da ni kaina na ƙaru da shi. Ya bi ruwa tun daga madatsar Tiga, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Bako, ya biyo babbar hanyar ruwa har zuwa ƙananan magudanai. Ya bayyana yadda ciyawa da yashi ke toshe su, da yadda mai gona a ƙarshen layi ke kwana a bakin ruwa yana jiran rabonsa, da rigimar da kan tashi idan na sama ya tare. Har ya ambaci tsutsar da ta cinye tumatir a 2016. Amma ya haɗe "shi ne", ya raba "yana", ƙasa ta zama kasa, ɓarna ta zama barna. Kafin ƙarshen shafin farko makinsa 10 na ƙa'idoji sun ƙare, kuma jimlolinsa masu tsawo sun ja masa asara wajen sarrafa harshe.

Wani kuma ya kawo rubutu tsaf, da karin magana uku, ba kuskure ko ɗaya. Sai dai da za a cire Kura a sa Bakolori, ba abin da zai canja a ciki, domin haddace shi ya yi. Mudu ya ba shi fiye da na farko, kuma mudun bai yi ƙarya ba, abin da aka sassaƙa shi ya auna ke nan. Kashi ɗaya cikin biyar kaɗai ya tanadar wa sanin abin da ake magana a kai.

Ban ce a yar da ƙa'idojin rubutu ba, mu da muke nazarin Hausa mu ne masu tsaronsu. Ra'ayina shi ne rabon maki ya bi manufar aiki. In bayani aka nema a kan abin da yaro ya sani, a ba ƙumshiya kaso mai tsoka, in kuwa darasin ƙa'idoji ne, a ɗora nauyin a can. Sa'an nan a nuna wa ɗalibi mudun kafin ya ɗauki alƙalami. Mako na gaba na rubuta rabon makin a allo kafin in ba da jigo. Yaron nan ya daɗe yana kallonsa, sa'an nan ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ashe lanƙwasar nan ta kan ƙ ma maki gare ta?"