Daga "Anti" Zuwa "Mama"

Aikin koyarwa yana da wani sirri da ba a faɗa wa mutum ranar da aka miƙa masa takardar kama aiki: ɗalibai ba sa tsufa. Kowace shekara 'yan ND 1 za su shigo da shekarunsu sha takwas ko sha tara, da sabbin takalma da fargabar rajista. Bayan shekara biyu su tafi, sa'anninsu su maye gurbinsu. Malami kaɗai ne yake ƙara shekaru a ajin. Da na fara aiki "Anti" ake ce mini. Daga baya na koma "Malama". Yanzu kuwa "Mama" ce, har ana rige-rigen karɓar mini jaka in zan hau bene. Na haura hamsin, furfura ta leƙo ta gefen ɗankwali, ko sunayenku ba na iya kira sai da tabarau.

Amma akwai ɗalibar da ba ta taɓa barin ajina ba. Tana zaune can baya, biro a hannu, ido a ƙasan tebur, tana murmushin da bai da alaƙa da lakca. Da can littafi take cusawa a tsakiyar na rubutu. Yanzu waya ce, ana bin labari a Wattpad ko a zauren WhatsApp. Kuna zaton ba na gani ko? Ai na san wannan murmushin, don kafin a haife ku na yi shi.

Ina makarantar kwana lokacin da littattafan soyayya suka cika gari. A 1991 Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna, kuma a ɗakin kwananmu kwafi ɗaya ne ya zagaya kowane gado har bangonsa ya cire. Layi ake bi. Wadda ya zo hannunta da daddare sai ta shige bargo da tocila, don da asuba wata na jira. Ga shi kashi-kashi ake fitar da su, ki gama na ɗaya a daidai inda rai ya tsaya, na biyu kuwa sai an dawo hutu. Magana Jari Ce aka ba mu a aji, mun kuma ji daɗinsa, amma waɗannan ne suka sa da yawanmu muka iya karatun Hausa da gudu ba tare da bulala ba.

Manya ba su so su ba. Aka laƙaba musu "adabin kasuwar Kano", aka ce su ke lalata tarbiyyar 'yan mata. A 2007 har ƙona wasu aka yi a Kano a bainar jama'a. Gaskiya akwai shirme a cikinsu, yanzu ma akwai, wasu na waya ko kallon shafin farko ba zan so ku yi ba. Sai dai ba a taru an zama ɗaya ba.

Da shekaru suka ja na koma kan tsofaffin da na adana, sai na tarar da wasu mutane a ciki waɗanda da nake tsallakewa. Ina yarinya saurayi da budurwa kawai nake bi. Yanzu idona a kan uwa yake, da matar da aka saka. Ku duba Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Rabi ce aka kora daga gidan miji da 'ya'ya tara, ta kama sayar da abinci ta riƙe su. A Wa Zai Auri Jahila? kuma yarinya ce aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho, kuma karatu ne ya tsamo ta daga baya. Ita kanta marubuciyar tun tana ƙarama aka katse mata makaranta aka yi mata aure. Ashe abin da take ta nanata mana ke nan: so yana da daɗi, amma ranar da ya juya baya, me ke hannunki?

Wannan tambaya ba ta littafi kaɗai ba ce. Kusan kowace shekara sai na kira wani suna a aji an ce mini, "Mama, ai ta yi aure." Sai in yi murna, in sa albarka. Wasu suna dawowa da ciki ko goyo su kammala, kuma wallahi ba waɗanda nake girmamawa kamarsu. Wasu kuwa an ce musu "bayan biki sai ki ci gaba", shiru kake ji. Bayan shekara bakwai ko takwas sai ga ta a ofishina da yara biyu, murya ƙasa-ƙasa, tana tambaya ko tsohon sakamakonta zai yi amfani. Takardar da saura zango ɗaya ta karɓa ce yanzu take nema ido rufe.

Don haka 'ya'yana mata, ku so, ku yi aure in lokaci ya yi, Allah ya haɗa ku da nagari. Amma maganar karatu a yi ta a gaban iyaye da waliyyai tun kafin a sa rana, kada a bar ta a zancen waya. Ku kuma samarin, na san kuna karantawa a ɓoye, kada ku musa. Wanda duk ya yi alkawarin barin 'yar mutane ta gama, to ya cika. Ba mu san gawar fari ba, kuma takardarta wata rana ita za ta rufa wa 'ya'yanka asiri.

Ban hana kowa karatun labari ba. Mai karanta labari ya fi saurin gane mutane, rubutunsa ma ya fi tsari, ina gani a takardun jarrabawa. Amma a ajina waya ta zauna a jaka awa biyun nan. In an tashi, mai son ganin irin namu na da ta same ni a ofis ranar Laraba, ina da su cike da kwali. Sharaɗi ɗaya ne: a dawo mini da shi da bangonsa.