Baffa da ɗakin bayan coci

Ƙanin mahaifina ya tafi Ingila karatu tun ina goye, bai ƙara dawowa zama ba. Da na sami gurbin digiri na biyu a Manchesta, gidansa na sauka. Tasi yake ja, matarsa ta kwashe yara ta koma wani gari, kuma a gida Kano an ce mana rashin jituwa ce kawai. Ban daɗe ba na gane irin rashin jituwar. Da asuba hannunsa rawa yake yi har ruwan buta ya zube kafin ya gama alwala. Hausawan garin duk sun sani. Ana haɗuwa da shi wajen suna da sallar Idi, a gaisa, a tambayi iyali, ba mai cewa uffan.

Na ɗauko abin da aka rene ni da shi, wato wa'azi. Ya bar ni na kai aya, sannan ya ce, "Kai yaro, kana tsammanin ban san giya haramun ce ba? Na sauke tun ubanka bai yi aure ba."

Likitan unguwa ne ya fara yi mana maganar da ta yi amfani. Ya ce wanda jikinsa ya saba da giya haka, kada ya yanke lokaci guda ba tare da magani ba, domin jijjiga irin ta farfaɗiya na iya kama shi, har ta kai ga rasa rai. Ya tsara masa magani, ya miƙo mini wata 'yar takarda mai lambar wayar ƙungiyar Alcoholics Anonymous. Wanda ya ɗauki wayar ya ce shi ma tsohon mashayi ne. Ya tambayi unguwarmu, ya jero mini ranaku da lokuta, ya bayyana cewa zama iri biyu ne: akwai na mashaya zalla, akwai wanda dangi ke iya shiga su saurara. Yawancinsu a ɗakunan taro na coci ake yi, saboda hayarsu da sauƙi.

"Coci? Bayan giya kuma sai a ce na yi ridda?" in ji Baffa.

"Baffa, ɗakin baya ne, ba wajen ibadarsu ba."

Da ƙyar ya yarda, da sharaɗin mu yi nesa da unguwar Cheetham Hill, kada wani ɗan masallacinsu ya hango shi.

Kujerun roba ne aka kewaya da su, ga tukunyar shayi da biskit a gefe, ga wani gwangwani da ake zagayawa da shi kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa, don ba sa karɓar taimako daga waje. Sunan farko kaɗai ake faɗa. Mai magana ba a katse shi, in ya gama ba a yi masa nasiha, sai a gode masa. Wani tsohon magini ya ba da labarin yadda yake ɓoye kwalba a cikin tankin ruwan banɗaki. Sai na ji Baffa ya fashe da dariya, irin wadda ban taɓa ji daga gare shi ba. Ashe nan ne ma'ajiyarsa.

Haka ƙungiyar ta faro tun asali. A 1935, a garin Akron na jihar Ohio a Amurka, wani dillalin hannun jari, Bill Wilson, ya je harkar kasuwanci ta ɓaci, ya ji ƙwaɗayin giya na neman kayar da shi. Maimakon malami ko likitan da zai duba shi, sai ya nemi mashayi ɗan'uwansa su yi hira, aka haɗa shi da Bob Smith, likitan tiyata da giya ta ci ƙarfinsa. A 1947 tsarin ya iso Landan. Matakansu 12 suna maganar miƙa lamari ga Ubangiji yadda kowa ya fahimce shi, Baffa kuwa ya ce shi wannan ba baƙon abu ba ne gare shi. In sun tashi addu'ar rufewa, sai ya yi tasa a zuci.

Ba sihiri ba ne. Na ga waɗanda suka zo suka ɓace, shi ma Baffa ya zame ya koma. Abin da ya bambanta shi ne akwai wanda zai buga wa waya tsakar dare, wannan maginin, kuma da ya dawo zama ba wanda ya tambaye shi ina kunyarsa.

A gida, tun da aka ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000, mun saba ganin Hisba na murƙushe kwalabe, amma mai shan yana nan da ƙishinsa. Mai hali ya kai ɗansa asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ko Dawanau, marar hali ya kai gidan mari, irin na Rigasa da 'yan sanda suka fasa a Satumbar 2019 suka fito da mutum fiye da 300, wasu da sarƙa a ƙafa. Mu da kowane lungu yake da majalisa, wannan ɗaya ce muka kasa kafawa, don abin da aka faɗa da magariba kafin isha'i ya zaga unguwa. Tun annobar korona ana irin wannan zama ta Zoom, mutum ya rufe kyamara ya saurara, sai dai akasari da Turanci. Na yi wa Baffa maganar a waya, ya ce in samo masa mutum uku masu riƙe baki, shi zai fara magana.