Garin gyaran gira

Ko da yake an ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, yau zancen gidanmu zan kawo muku, domin shirun da na yi a baya ya cuci wadda nake ƙauna.

Mahaifiyarmu tana cikin matan Adar da suka yi dakon duwatsu a aikin raya ƙasar Kaita, wanda aka soma a 1984 da taimakon Italiya, sa'ad da maza suka watse ci-rani. Ranar Afrilu da Mayu, wadda zafinta kan zarce awo 40, ta bar mata tabo baƙi a kumatu da goshi. Ban taɓa jin ta kira shi aibi ba. Malafa take ɗorawa bisa kallabi, da dare ta shafa man kaɗe, ta kwanta.

Ƙanwata da ke aure a birnin Tawa ba ta gaji wannan haƙuri ba. Da ta samu ciki na biyu, irin tabon nan ya fito mata, ga kuma raɗe-raɗin cewa maigidanta zai yi mata kishiya in ya komo daga Abijan. Ta same ni tana hawaye, ta ce: «Yaya, dubi yadda na koma.» Na ba ta jika biyu, ta sayo mai da sabulu wajen wani mai tebur. Cikin wata guda ta yi fari tas, kowa yana yabo, har da ni.

Shekara biyu ba su cika ba fatar ta yi laushi, jijiyoyi suka bayyana, ƙuraje suka feso, nankarwa ta tsattsaga mata damatsa. Tabon kuwa ya dawo, ya fi na da duhu, kamar an shafa shuni. In ta bar man kwana uku sai fuska ta hau ƙaiƙayi da raɗaɗi, dole ta koma masa.

Sai da muka je Yamai wajen likitan fata na gane abin da muka aikata. Baƙin da ke jikinmu, wanda ake kira melanin, garkuwa ce da Allah ya yi mana daga rana. Juna biyu da zafin rana su kan sa ya taru wuri guda, kuma sau da yawa tabon yakan dushe bayan haihuwa in an kiyaye rana. Mayukan kasuwa kuwa sukan ƙunshi idrokinon, wanda yawan shafa shi ke haifar da tabon da ba ya jin magani, ko kortikoyid, mai cinye kaurin fata ya kuma jawo hawan jini da ciwon suga, ko zaiba, mai lalata ƙoda. Likitoci ma suna ba da idrokinon, amma a gwargwado, na ƴan watanni, tare da man kariya daga rana. Ba banza ba Tarayyar Turai ta hana sa shi cikin kayan kwalliya a 2001, ƙasar Kwaddibuwa kuma ta haramta mayukan sauya launi a 2015.

Likitan ya janye mata man sannu a hankali. Ƙurajen sun mutu, amma shunin kumatu yana nan. Abin da ya fi nanata mata shi ne inuwa, lulluɓi da malafa, wato abin da tsohuwarmu ta sani ba tare da ta shiga lakwal ba.

Ni dai ba mai tebur kaɗai nake zargi ba. Mu maza da ke kiran farar mace alkyabbar mata, mu ne muka buɗe masa kasuwa, kuma da jikata biyu aka soma. Wanda ƴar'uwarsa ta zo masa da irin wannan kuka, ya kai ta likita, ya kuma gaya mata gaskiya: baƙinta ba dauɗa ba ne. Allah shi kyauta.